Hannun Wasa Ko Allon Rubutu: Wanne Za Mu Fara Saya Wa 'Ya'yanmu?

Ran Asabar da ta wuce, bayan sallar lisha, muna zaune a ƙofar gidan wani maƙwabcina nan Doka, sai gardama ta tashi tsakanin mutum uku, ta kai mu kusan tsakar dare ba wanda ya sallama wa wani. Abin da ya jawo ta kuwa ƙaramin abu ne. Mai gidan akawu ne a wani ofis. Ɗansa ɗan shekara 12 ya ci jarrabawa, shi kuwa da ma ya yi masa alkawarin kyauta in ya ci. Da aka tambayi yaron abin da ya ke so, sai ya ce hannun gem, watau ɗan abin nan mai maɓallai da yara ke riƙewa da hannu biyu suna buga ƙwallo ko tseren mota a fuskar talabijin ko a waya.

Mai gida ya ce, "Alkawari kaya ne, zan saya masa. Gwamma ya yi wasansa a gabana da ya tafi gidan gem ya haɗu da 'yan banza." Wani malamin makaranta da ke wurin ya ce, "Haba Malam! Ka ƙara kuɗin ka saya masa kwamfuta ko da ta hannu ce, ya fara koyon harshenta." Sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya yi dariya, ya ce, "Ku duka biyu kun bar jaki kuna dukan taiki. Gidan da yara ke karatu da tocilan, ina shi ina gem, ina shi ina kwamfuta? Ku sayi batir da farantin sola, fitila ta kama, fanka ta juya, uwar gida ta huta da fifita." Ni dai ban ce uffan ba a daren nan, gama na ga kowa da tasa gaskiyar. Amma maganar ta kwana a raina, na kuwa ga ta shafi kowane gidan malami da na akawu, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu duba tare.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duka ukun suna da wuri a gida, amma sai an jera su bisa tartibi: wuta da farko, sa'an nan kayan koyo, sa'an nan kayan wasa. Dalilina kuwa guda ne. Na'urar zamani bara ce mai biyayya, amma ga wanda ya san yadda a ke ba ta umurni kaɗai. Yaron da iyakar saninsa ya danna inda wani ya shirya masa ya danna, shi ne ya zama baran na'ura, ya ba ta lokacinsa da kuɗin ubansa. Yaron da ya iya rubuta mata abin da za ta yi, shi ne ubangidanta. Tambayar da ke gabanmu ke nan: a wane sahu mu ke so 'ya'yanmu su tsaya?

Mu fara da maganar dattijo, domin sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya. Ruwan nan na Kogin Kaduna da ke wucewa ta ƙarƙashin gadarmu shi ke juya injunan Shiroro, madatsar da aka buɗe a 1990 mai ƙarfin megawat 600, amma duk wanda ke zaune a garin nan ya sani wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, ya fi ƙarfin mai albashi ya kunna kullum. To, sai mu yi ɗan lissafi irin na akawu. Farantin sola mai wat 300, in ya sami rana mai kyau kamar awa 5, ya kan tara abin da ya kusa wat 1,500 na awa guda, sai a ɗebe abin da kan zube a batir da waya. Ƙwan fitila na zamani ya kan ci kamar wat 10. Kwamfutar cinya ta kan ci kamar wat 50, watau awa 3 na karatu wat 150 ke nan. Amma babban akwatin gem irin PlayStation 5 shi kaɗai ya kan ci kusan wat 200 sa'ad da a ke wasa, in ka haɗa da talabijin awa 3 sun lashe fiye da rabin abin da farantin ya tara yini guda. Kun ga ashe ko ta wajen wuta ma kayan koyo sun fi kayan wasa sauƙin riƙo.

Sai maganar kuɗi. Hannun PlayStation 5 na ainihi, da aka fito da shi a 2020, dala 70 aka sa masa. A 2024 dala guda ta haura naira 1,500, watau hannu guda ya wuce naira 100,000, alhali mafi ƙanƙantar albashin da aka sa wa hannu cikin watan Yuli na shekaran nan naira 70,000 ne. Wannan fa hannu ne kaɗai, ba a zo ga akwatin ba, ba a zo ga abin sawa a kunne ba, ba a zo ga wasannin da a ke saye ɗaya ɗaya ba. Akwai na jabu masu araha cike da shagunan Ahmadu Bello Way da Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, amma araha ba ta ado: maɓalli ya kan mutu kafin wata uku, a koma a sake. Allon rubutu na kwamfuta kuwa, watau kibod, da linzaminta, kuɗinsu bai kama ƙafar na hannun wasa na ainihi ba, ga shi kuma a kan iya haɗa su da wayar hannu irin wadda ke kusan kowane gida, yaro ya fara koyon buga rubutu tun ba a sami halin sayen kwamfuta ba.

Kada mai karatu ya zaci ina gaba da wasa ne. Ko kusa. Mu ma mun yi langa, mun yi dara a gindin bishiya har iyayenmu suka biyo mu da tsumagiya. Yaron da ba ya wasa sai a duba lafiyarsa. Wasannin kwamfuta kuma ba duka ne na banza ba, akwai irin su Minecraft, wanda ya fito sosai a 2011, inda yaro ke gina gari da tubali yana koyon tsari da haƙuri. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan abin ke kamawa, watau waɗanda wasan ya rinjayi karatunsu da barcinsu da zumuncinsu har kamar shekara guda. Abin da na ke ƙi shi ne a ce wasa ne iyakar rabon ɗan Arewa daga wannan ilmi, wasu suna ƙerawa suna sayarwa, mu muna saye muna tafi.

Wannan ba shi ne karo na farko da irin wannan zaɓi ya zo mana ba. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu suka yi. Da mulkin kai ya matso, sai aka duba ofisoshin Kaduna aka ga 'yan ƙasa masu iya riƙe alƙalami da tafireta ba su isa ba, dole aka tashi da gudu, ana horad da akawuna a Zariya, ana Yaƙi da Jahilci ƙauye ƙauye cikin shekarun 1950. Akawunan En'e na wancan zamani, waɗanda ma'aikatan ƙananan hukumomi suka gada bayan gyaran 1976, sun ga yadda rubutu ya raba mai ba da umurni da mai jira a ƙofa. Yau ga wani sabon rubutu ya zo. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a kan kwamfuta a ke yinta gaba ɗaya. Kowane malami a cikinku ya san yaro mai ƙwaƙwalwa wanda ya shiga ɗakin jarrabawan nan hannunsa na rawa domin ran nan ne ya fara taɓa linzami. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mene ne wannan harshen kwamfuta da malamin nan ya ke magana? Mutane da yawa suna jin tsoronsa kamar wani tsafi ne, alhali kuwa aikin akawu ne tsantsa. A ce shugaban makaranta ya ba sabon malami takardar sakamako, ya ce masa: "Ɗauki suna na farko. Haɗa makinsa na gwaji da na jarrabawa. In jimla ta kai 50 rubuta ya ci, in ba ta kai ba rubuta ya faɗi. Koma suna na biye, ka yi ta yi haka har sunaye su ƙare." Shi ke nan, an rubuta manhaja. Cikin wannan ɗan umurni akwai ginshiƙai huɗu da kowane harshen kwamfuta ya tsaya a kansu: jera aiki ɗaya bayan ɗaya, ajiye adadi a wuri mai suna, yanke hukunci bisa sharaɗi, da maimaita aiki har ya ƙare. Bambancin kawai shi ne, sabon malami in ka manta ka gaya masa wani abu zai yi amfani da hankalinsa, kwamfuta kuwa ba ta cike giɓi. Abin da ka faɗa shi za ta yi, ko da ba shi ka ke nufi ba. Don haka ne koyon harshenta ya ke gyara tunanin yaro, ya tilasta masa ya san abin da ya ke so kafin ya buɗe baki.

Wannan ilmi kuma ba baƙonmu ba ne kamar yadda a ke zato. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan jerin umurni da ita daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Nan gida kuma akwai Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, wanda ya rubuta littafi a 1732 kan yadda a ke cika hatimin lambobi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla guda. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ƙa'idodin da ya shimfiɗa, sa wannan lamba nan, matsa gida kaza, in ka tarar da gidan a cike ka yi kaza, su ne ainihin irin abin da a ke rubuta wa kwamfuta yau. Jikokinsa ba su da hujjar cewa abin ya fi ƙarfinsu.

Sai tambayar da masu wannan sana'a kan yi ta jayayya a kai kamar masu gardamar ƙwallo: da wane harshe za a fara? Harsunan suna da yawa, kowa kuwa na gidansu ya ke yabo. An daɗe ana neman mai sauƙi domin masu koyo, tun daga BASIC da aka ƙago a Amurka a 1964, da Logo na 1967 wanda yara ke ba ɗan kunkuru umurni yana zane. Ga abin da na gani ya dace da halinmu.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 12, a fara masa da Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007, kyauta ne, kuma in an sauke shi sau ɗaya yana aiki ba tare da intanet ba. Ba a buga rubutu mai yawa a cikinsa. Umurnin an yi su kamar tubala masu launi, yaro ya jawo wannan ya liƙa a kan wancan, nan take ya ga ɗan kyanwa ya yi tafiya, ya yi tsalle, ya yi magana. Babban amfaninsa ga maganarmu shi ne, abin da yara suka fi ginawa da shi wasa ne. Watau ƙaunar gem ɗin nan da mu ke kuka da ita, ita ce za ta zama igiyar da za a jawo yaro da ita zuwa karatu.

Daga shekara 12 zuwa sama, da kuma manya irinmu, sai Python. Wani mutumin Holan, Guido van Rossum, shi ya fito da shi a 1991. Shi ma kyauta ne, rubutunsa gajere ne, keɓaɓɓun kalmominsa ba su kai 40 ba. Kuma ba harshen wasan yara ba ne da za a yar in an girma, da shi a ke aiki a bankuna da jami'o'i da wuraren bincike. Akawun da ya iya shi zai haɗa lissafin albashin mutum 500 kafin shayinsa ya huce. Akwai JavaScript, na 1995, wanda ya dace da mai son gina shafin intanet, ba laifi a bi da shi daga baya. Amma C da Java, ko da ya ke manyan harsuna ne masu daraja, ban ga dalilin ɗora wa mai fara koyo su ba, gama ƙa'idodinsu kan gajiyad da yaro tun bai ɗanɗani daɗin abin ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Babban kuskure kuwa shi ne tsalle daga wannan harshe zuwa wancan kowane wata. A kama guda a riƙe shi shekara, sauran za su zo da sauƙi, domin ginshiƙan nan huɗu ba su sakewa.

Na san akwai masu cewa, "Ai duk da Turanci a ke rubuta shi, 'ya'yanmu kuwa Turancinsu bai nuna ba." Gaskiya ne kalmomin na Turanci ne, amma kalma talatin da 'yan kai ba su fi ƙarfin yaron da ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen kaf ba. Bayanin kuwa ba abin da ya hana malami ya yi shi da Hausa, har ma ya fi shiga. Aikinmu ne mu malamai mu zauna mu daidaita kalmomin, kamar yadda magabatanmu suka yi wa lissafi da kiwon lafiya.

Akwai kuma masu cewa, tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 na'ura da kanta ta ke rubuta manhaja, to, me ya sa za a wahalad da yaro? Wannan magana tana da nauyi, ba na raina ta. Lalle wasu ƙananan ayyuka na masu rubuta manhaja sun ragu, za su kuma ƙara raguwa. Amma ku tuna, na'urar nan ta kan yi kuskure, ta kuma faɗe shi da ƙarfin hali kamar gaskiya. Babban akawun da bai iya karatu ba, ƙaƙa zai duba takardar da ƙaramin akawu ya rubuto kafin ya sa hannu? Injin lissafi bai sa an daina koyad da sau-sau a makaranta ba, domin wanda bai san lissafi ba ko injin ya ce biyu da biyu bakwai ne sai ya yarda. Yadda na'ura ta ƙara wayo, haka bukatar mai iya bincikar aikinta ta ƙaru.

Saura abin yi. Ga iyaye: in za ku sayi na'ura, ku tambayi kanku, da wannan yaro zai ƙera wani abu, ko kuwa kallo kawai zai yi? Ku ajiye ta a tsakar gida inda ido ke kai, ku yanka lokacin koyo da lokacin wasa. Kuma kada ku ware 'ya'ya mata. Na sha ganin gidan da kwamfuta ke ɗakin samari, yarinya kuwa ko ƙurarta ba a bari ta share, alhali ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi.

Ga malamai: darasin kwamfuta ya daɗe cikin tsarin karatun firamare da ƙaramar sakandare, amma a wurare da yawa a allo a ke zana ta da alli, yara su haddace sunayen sassanta su rubuta a jarrabawa. Wannan kamar koyon iyo ne a kan tabarma. In kwamfuta guda ce a makaranta, a raba yara kashi kashi kowa ya taɓa. In babu ko ɗaya, a fara da abin da ke akwai: yaro guda ya zama na'ura, sauran su rubuta masa umurnin da zai kai shi daga ƙofa zuwa taga, su ga inda ya yi karo da benci su gyara. Malamin kansa kuma kada ya ji kunyar zama ɗalibi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga cibiyar CoLab da matasa suka buɗe a Barnawa a 2016, ga shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2023 da nufin horad da mutum miliyan uku. Ruwa ya zo har ƙofar gida, saura mai ɗiba.

Ga hukuma kuma, musamman tamu ta Kaduna ta Arewa da hedkwatarta ke nan Doka: ɗaki guda a kowace gunduma, mai sola da kwamfuta goma da malami guda mai albashi, a buɗe shi da la'asar da ranakun hutu, ya fi tarin na'urorin da za a raba ran biki a kulle su a sito domin tsoron kada su lalace. Na'urar da ba a taɓa ba ta riga ta lalace.

Da gari ya waye na koma wurin maƙwabcina, na ce masa, "Malam, alkawari dai ka riga ka yi, ka cika shi, kada yaro ya koyi saɓa magana daga wurinka. Saya masa hannun, matsakaici, daidai aljihunka. Amma ka haɗa masa da allon rubutu, ka ce masa kafin hutun ƙarshen shekara kana so ya gina maka dara a Scratch, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Ran da ya gama, ni da Baba za mu zo mu buga." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, batir ɗin fa?" Na ce, "Wannan kuwa sai mu yi adashi." Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa su zama masu ba da umurni a zamaninsu, amin.